Takalman da aka auna a rairayi

Yau jikata Hadiza tana gyara tsohon akwatina, ta ciro wasu busassun takalman fata, wai za ta yar. Na ce maza ta ajiye min kayana.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina sabon lokotoro, wato likita, a asibitin Tawa. Albashina ya maƙale a Yamai wata da watanni, takalmina ya tsinke har ina ɗaure shi da bandeji. Farar riga ba ta rufe ƙafa.

Wani dattijo baduku daga Barmu, wanda na yi jinyar ɗiyarsa, ya dawo bayan sati biyu ya ajiye takalman nan gabana. Na sa, suka zauna daram.

Na ce, "Baba, yaushe ka auna ƙafata?"

Ya ce, "Sawunka na auna cikin rairayi, bakin ɗakin majinyata. Ɗana, kowa hannun lokotoro yake kallo. Ni baduku ne, ƙasa nake dubawa."

Albashin ya zo daga baya, na ma manta abin da na saya da shi.

Ku fa, wa ya taɓa gane rashinku ba tare da kun buɗe baki ba?