Kuskuren da Baba Ebenezer Bai Dasa Ba

Ebenezer Dakwak ya zo Dutse daga Pankshin shekara guda bayan an ƙirƙiri jihar, zamanin da kwamfutar ma'aikatarsu ɗaya ce tak, ana lulluɓe ta da zane idan an tashi aiki. Shi ne mai kula da ita. Da ya yi ritaya bai koma gida ba. Ya ari wani ɗaki, kowace Asabar yana koyar da masu bincike da injiniyoyi.

Ɗalibansa duk sun iya rubuta manhaja. Abin da yake koya musu shi ne riƙonta: ajiye tarihin kowane canji, gwada kowane sashe kafin a dogara da shi, da miƙa wa wani aikinka ya karanta ya faɗi inda ka kauce. Biyun farko sun zauna. Na ukun ne ya ƙi. Sa'a yakan gyara wa sa'ansa har da tsiya, amma ba mai duban furfura ya ce ta yi kuskure.

Bara likita ya gaya masa idanunsa ba za su kai damina biyu ba. Ya ƙudura cewa ba zai bar ajin ba sai a hannun wanda ya iya gyara masa a gaban mutane. In babu, ajin ya mutu ke nan. Sai ya shiga dasa kuskure ɗaya da gangan a aikinsa kowane mako, ya haska shi a bango.

"Wa ya ga wani abu?"

"Baba, aikinka ai sai kallo," in ji Injiniya Bubayero, mai aikin famfunan ruwa. "Mu da muke rarrafe?"

Asabar goma sha huɗu aka yi haka.

A ta goma sha biyar ya haska wata manhaja mai juya tiyar gero zuwa kilo. Luba, mai binciken amfanin gona da take hawo mota daga Kafin Hausa, ta ɗaga hannu, idonta a ƙasa.

"Baba, a gafarce ni. Layi na arba'in da biyu. An raba inda ya kamata a ninka."

Nasa dasashen yana layi na tara. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa bangon, bai iya rarrabe alamar da ke layin da ta faɗa ba. Sai da ya sa ta karanta masa.

"Kin ga na layin tara?"

"Na gani. Kullum ina ganinsu. Na san kana sane da su, shi ya sa nake shiru. Wannan ne na ga kamar ba ka sani ba."

Daga nan ya laluba aljihu, ya ajiye mata makullin ɗakin a kan tebur.

Ya koma Pankshin kafin a yi girbi. Ajin yana nan, mutum shida. Luba takan buga masa waya ta karanta masa aikinta layi-layi, shi kuma yana saurare, fuskarsa tana fuskantar tagar da ba ya gani.