Gonar inabin ɗan da Inna ta shayar

Ana sallame asuba muka bar unguwar Mahjar a Jidda, ni da ƙanena, a tsohuwar motarsa da sai an lallashe ta take tashi. Ɗa'if muka nufa, wajen wani Balarabe mai gonar inabi. Inna ce ta shayar da shi lokacin da take goyona, tana aiki a gidansu a unguwar Balad, don haka a shari'a ɗan'uwana ne. Kafilin Inna, wanda ya tsaya mata a hukuma, ya rasu, iƙamarta, wato takardar zama, na gab da ƙarewa, in ba a samu wani ba sai a tasa ƙeyarta zuwa ƙasar da ta baro tun tana budurwa. Ita ce ta dage mu je wajen wannan ɗan nata ya zame mata kafili.

A hanya muka karya da gurasar tamis da waken ful, mai shagon ya tsuga mana kuɗi don ya ga matafiya ne. Daga nan muka fara hawan dutsen Hada, titi na ta nannaɗewa. Birai na zaune a bakin hanya suna karɓar ayaba hannun masu wucewa, ba mai tambayarsu takarda. Wallahi sai da na yi musu hassada.

Gonar kam ta yi kyau, ba zan ci hakkinta ba. Ga sanyi, ga rumfunan inabi tun dashen kakansu. Samarin gidan suka shimfiɗa mana darduma, suka jera mana farin inabi da baƙi, da zabibi, da ruwan inabi matsar safiyar nan. Farin zaƙi zalla, baƙin kuwa yana ɗan kama harshe. Har khal ɗinsu, ruwan inabi mai tsami, suka ɗanɗana mana, ƙanena ya yamutsa fuska suka yi ta dariya. Ni dai ta ƙarƙashin niƙabi nake kurɓa.

Sai ga maigidan ya shigo, ya yi furfura, amma na gane tafiyarsa. Daɗi ya kama ni, na ɗage niƙabina gaba ɗaya, don mace ba ta rufe wa ɗan'uwanta fuska. Nan take ya kau da kai.

"Ya hajja, rufe fuskarki, akwai maza a nan."

Na ce, "Ni ce fa, yayana. Nono ɗaya muka sha."

Ya ce, "Wannan zancen tsofaffi ne, Allahu a'alam. Halas, shi ke nan, ku sha, gidanku ne."

Kunya ta rufe ni, na saki niƙabin. Ƙanena ya daure ya kawo maganar kafili. Mutumin ya ja wata doguwar inshallah, irin wadda duk ɗan Jidda ya san a'a take nufi, sannan ya sa aka cika mana bayan mota da kwandon inabi.

Haka muka gangaro cikin zafin Jidda. Abin da tafiyar ta koya mini mai ɗaci ne: wadda ta shayar tana riƙe da zumunci har ta mutu, wanda ya sha kuwa yana iya cewa bai tuna ba.

Inna na zaune a ƙofar ɗaki tana jiranmu. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tsotsa, ta lumshe ido. Na buɗe baki zan gaya mata gaskiya, sai ta riga ni.

"Ajiye mini sauran. Ran da zai zo sa hannu a takardata, ya ga ban wulaƙanta kyautarsa ba."

Na ɗauki kwandon na kai ciki.