Janaretan Labaran

Da muciya a hannuna na fara sanin Labaran. Shekara guda ke nan bayan rikicin da ya taɓa mu a Sharaɗa. Na dawo daga ƙofar kamfani inda nake sayar wa ma'aikata ɗanwake, sai na ji jikana Sadiƙ a soro yana gaya wa abokinsa wai yau mutum goma sha biyu ya kashe, biyu a ka ya harbe su. Na rarumo muciya na yi kansa. Yaron nan shekararsa sha huɗu, uwarsa ta rasu ta bar mini shi. Sai da na shaƙe masa wuyan riga ya ce ai a talabijin ne, a shagon Labaran, gem ake ce wa abin.

Ban huce ba. Na je shagon na wanke mutumin tas. Na ce masa malamin daba, na ce mai gemu guda ya rasa sana'a sai koya wa 'ya'yan mutane kisa. Ya bari na gama, ya jawo benci.

"Iya, ku zauna. Ku duba da idonku, in kun ce a rufe, a rufe."

Labaran mutumin Zawaciki ne. Shekara goma sha bakwai ya yi a wani kamfanin jima a Challawa, aikinsa zaɓen fata: ya ɗaga ta a haske, ya shafa, ya ce wannan ta ɗaya ce, wannan ta biyu, wannan a yar. Da kamfanin ya rufe sai ya sayi talabijin biyu da ƙaramin janareta, ya kama shago. Halin aikin bai sake shi ba. Kowane faifan gem sai ya buga shi da kansa tukuna, sannan ya sa wa kwalinsa alama da alli. Na ƙwallo da na tseren mota layi ɗaya, na kowa. Na sojoji layi biyu. Akwai wani da ya gicciye wa alli ya jefa a ƙasan akwati. Na ce a sa mini shi. Jini har kan gilashi, mutum ya faɗi ana ta harbinsa. Na ce tir. Ya ce shi ma tir ɗin ya ce, shi ya sa yake ƙasan akwati.

To, saura na sojojin, wanda Sadiƙ ke bugawa. Washegari da la'asar na dawo na zauna a lungu. Ni ba na gane wa ya harbi wa, fuskokin yaran nake kallo. Wasa ya yi zafi, Sadiƙ ya cije leɓe, sai janareta ya yi tari ya mutu. Duk unguwa an san janaretan Labaran da wannan ciwo. Wani dogon yaro ya buga abin danna wasan da ke hannunsa da ƙasa, ya zagi uwar janareta, ya ture na kusa da shi. Nawa kuwa ya yi tsaki, ya yi dariya, ya ce da ma an kusa cinye shi, ya tashi neman ruwan alwala.

Ni na ga hannun Labaran lokacin da ya zura shi ta bayan labule, inda janaretan yake, dab da zai mutu. Da yara suka watse na ce masa janaretan nan lafiyarsa ƙalau. Ya sunkuyar da kai. Ya ce fata ba ta nuna aibinta sai an ja ta. Wanda ya yi hauka in wuta ta ɗauke, wata guda ƙwallo kawai zai buga, kuma zai je ya gaya wa ubansa. Sadiƙ kuwa sau uku ya kashe masa janareta kafin ranar, bai ga aibi ba.

Na yi ajiyar zuciya irin wadda rabona da ita tun rikici. Na yarda da na sojojin, Asabar da Lahadi kawai.

Bayan shekara uku wani kamfanin ya kira Labaran zaɓen fata, ya rufe shago. Lokacin Sadiƙ yana koyon gyaran wuta a Bompai, ko kaza sai an roƙe shi yake yankawa. Labaran ya zo sallama ya durƙusa a soro. Na zuba masa ɗanwake a leda.

"Je ka, Allah ya tsare, ka riƙe mini amana. Amma da ni ka tambaya tun farko, da ba ka yi ta zubar da mutuncin janaretanka ba. Tuwo kawai za ka jinkirta wa yaro, ka ga halinsa."