Ramin da Gwamnati Ta Bari a Gonar Inna

Shekaru masu yawa baya, lokacin da kuɗin mai ke yawo a ƙasar nan, soja sun sauka sun ba farar hula mulki, ina amarya a wata ruga kusa da Maruta. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini.

Ruwa ne wahalarmu. Da rani sai mun yi tafiyar rabin yini zuwa rafi, mu tona yashi, mu jira ya tsattsafo. Sai gwamnati ta fito da babban shiri na haƙa rijiyoyi ƙauye-ƙauye. Ma'aikata suka zo da mota da siminti da ƙarafa, suka zaɓi gefen gonar surukata, wadda kowa ke kira Inna. Sun haƙa zurfin gaba takwas, ƙasa ta fara laima, sai ran nan muka ga suna naɗe igiyoyinsu. Mai unguwa ya ce wai manyan alƙalai sun yanke hukunci, tsarin mulki bai ba hukumar da ke aikin ikon yin sa ba, don haka an tsayar da shi ko'ina.

Aka bar mu da rami baki buɗe, da buhunan siminti a rumfa. Ba mai zuwa kusa, kowa na tsoron a ce ya taɓa kayan gwamnati. Maigidana da yayansa suka ce in an gama girbi za mu kaɗa shanu mu yi kudu, ba dawowa. Ni har na fara ɗaure ƙorena, don gaskiya wuyana ya gaji da tulu.

Inna ta dube ni ta ce, "Ke yarinyar nan, kwance kayan nan. Gobe za ki raka ni Birnin Kudu."

Ranar na fara shiga mota. Tun daga tasha na riƙe zanen Inna ina salati, har ta ce in sake ta kar in tuɓe ta a gaban maza. Muka yi ta tambaya har aka nuna mana ofishin hukumar da ta haƙa ramin. Wani malami ne a zaune, da biro a kunne.

Bayan gaisuwa Inna ta ce, "Malam, alƙalan nan, gwamnati suka hana ko ƙishirwa?"

Ya yi dariya. "Inna, doka ce. Siminti da ƙarafan nan na hukuma ne, kada ku taɓa ko ɗaya."

"Mun ji. Ramin fa?"

Ya sosa ƙeya.

"A gonar da mijina ya bar mini yake," in ji Inna. "In naku ne, ku turo mota ku ɗauke abinku, kar ɗan maraƙi ya faɗa. In nawa ne, faɗa mini."

Ya shiga ciki, ya daɗe, ya fito yana murmushi. "Inna, rami naki ne."

"To rubuta, ɗana. Mazan garinmu ba sa yarda da bakin tsohuwa."

Ya rubuta, ya buga hatimi. Ta ƙulle takardar a bakin zane.

Da muka koma ta ba mai unguwa, aka samo mai karantawa ya karanta a bainar jama'a. Sai ta aika aka kira wani tsohon mahaƙin rijiya daga Gwaram, wanda tun zuwan siminti ba wanda ya ƙara neman sa. Ya leƙa ramin ya ce zai ɗaure shi da dutse, yadda ubansa ya koya masa, in dai za a kawo dutsen. Inna ta kafa doka: duk macen da ta fita itace ko tallar nono, kada ta dawo kai babu dutse. Maza kuma suka yi gayya, suna jan ƙasa da guga.

Ni fa ƙanana nake zaɓa. Ran nan tsohon ya ɗaga nawa sama ya ce, "Wannan na wace ce? Rijiya za mu ɗaure ko tsuntsu za mu jefa?" Mata suka kwashe da dariya. Washegari na ɗauko wanda sai da mutum biyu suka sauke mini, wuyana ya kwana uku ba ya juyuwa.

Girbi ya wuce, yayan maigidana ya fara ɗaure wa takarkari kaya, yana cewa aikin banza muke. Ana nan wata hantsi muka ji tsohon ya yi kabbara daga can ƙasa. Guga ya fito da ruwa ja, duk laka. Inna ta karɓa ba ta sha ba, ta kai wa babban ɗan nata har inda yake tsaye.

"Sha, sannan ka sauke wa dabbar nan kaya."

Ya sha, ya sauke.

Yanzu in na ji rediyo na cewa an soke wani shiri, mutane na kuka sun shiga uku, ina tausaya musu, don na san zafin. Amma na ga macen da ba ta zagi alƙali ba, ba ta ɗauki abin da ba nata ba, ta je ta tambayi iyakar abin da aka hana, ta kama sauran da hannunta. 'Ya'ya bakwai na haifa a rugar nan, duk da ruwan rijiyar na yi wankan jego. Ranar da Inna ta rasu, ni na ja gugan da aka yi mata wanka, ban yarda kowa ya taya ni ba.