Ranar da Bijimi Ya Amsa Mini

Shekarun baya, tun ana kiran Suleja da sunan Abuja, babu mahaluƙin da ya kai ni iya tayar da matacciyar mota. Da bakina nake faɗa a majalisa: ku kawo mini ƙarfe ko daga kabari aka tono shi, ran Juma'a ku zo ku ji kukan inji.

A bayan gidan surukina a unguwar Magajiya akwai wata tsohuwar a-kori-kura da ta shekara goma a durƙushe, kaji na ƙwai a kujerar direba. Da na aika ina roƙon ya bar mini ita, sai ya amsa ta bakin matata: "Ki gaya wa mijinki akurki ne, ba mota ba." Maganar nan ta tsaya mini a rai. Shekara biyu ina kwance a ƙarƙashinta. Na kankare tsatsa, na sauke inji, na yi mata fenti kore shar, har mutum ya iya gyara zaman hularsa a jikin ƙofa. Abu ɗaya nake nema: tsohon nan ya zauna a gaba, ya ce da bakinsa mota ce.

Ham, wato odar mota, kaɗai ya rage. A wajen wani mai tsofaffin kayan mota na samo wani ja mai mariƙi, in ka ja shi sai ya yi kukan bijimi sak. Mai kayan ya ce daga motar wani Bature mai gonar shanu aka ciro shi. Ban tambayi abin da Baturen ke yi da shi ba. Ni dai na sami abin firgita masu keke.

Rannan Baba, surukin nawa, zai je suna Tafa, ya yarda in kai shi. Ya sha farar babbar riga, ya zauna yana shafa kujera. Mun yi nisa sai ga garken shanu na tsallaka hanya. Kowane direba ya san tsayawa ake yi a jira. Ni kuwa na ce, "Baba, bari ka ga yadda ake buɗe hanya." Na ja mariƙi.

Shanun suka tsaya cak. Suka ɗago kai. Suka juyo gaba ɗaya, suka yo kanmu! Ashe Baturen kiran shanu yake yi da abin, ba kora ba. Na ruɗe, na sake ja, na ƙara. Wata saniya ta zuro kai ta taga ta kama hannun rigar Baba tana tauna. Sai garken ya dare, ga wani bijimi, tozonsa ya kai dutsen Zuma, yana tonon ƙasa da ƙafa.

Dattijon da ke kiwon ya taho a guje yana ɗaga sanda. "Kai mai mota! Daina zaginsa!"

"Ni na zage shi?"

"Sau uku ka ce masa ya fito in ya isa!"

Ya kuwa isa. Karo na farko fitila ta tarwatse. Na biyu ƙaho ya huda lagireto, ruwan zafi ya yi feshi. Na uku ƙofar da nake duba fuskata ta lotse, ta koma kamar tsohuwar tasa. Baba na ta salati, ni ko salatin ya ɓace mini.

Har yau in na ga bijimi, ko a tukunya yake, sai gabana ya faɗi. Kuma tun daga ranar ba na sayen abu sai na tambayi aikin da yake yi wa mai shi na farko.

Da makiyayin ya kora shanunsa, Baba ya fito, ya ɗauki hularsa da ta faɗi, ya dubi hannun rigarsa da ya jiƙe da yawu. Ya zagaya motar sau ɗaya, a tsanake. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Ya ce, "Malam, shekara goma kajina na ciki, ko zakara bai taɓa jawo mata duka ba."