A Minti Nawa?

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, wajen ƙarfe goma na safe, ina shagona ina sauya wa wata jita tsirkiya, 'yarka ta fari ta kira ni a waya. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Na ce daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, na sake maimaitawa, ashe hannuna bai daina murɗa tsirkiyar ba, har ta tsinke ta tsarge ni a yatsa. Kwana huɗu kacal ka yi a asibiti, Maigida. Ka ce mana ciwon ƙirji ne na yawan zama, muka yarda, domin a iya zamanmu da kai ba mu taɓa kama ka da ƙarya ba, sai a kan abu guda, wanda shi ma sai bayan ranka na gano.

Da kunya nake wannan rubutu. Maganarka ta ƙarshe a zauren makaɗan da ka kafa a intanet tambaya ce, kuma ni ka yi wa ita, a gaban mutum dubu tara da wani abu. Kwana goma sha tara ta yi tana jirana kana raye, ban amsa ba. Har yau tana nan a inda ka bar ta, kalma uku kacal: "A minti nawa?" Ba zan iya yi maka addu'a da zuciya sake ba sai na amsa ta.

Amma matasan zaure, waɗanda suka buɗe ido suka gan ka a bayan kibod, wato piyanon lantarki, ya kamata su san cewa kai makaɗin jita ne tun asali. Shekara ashirin da shida ke nan da na fara zuwa wurinka koyo. Ba ka tambayar ɗalibi ko ya yi bita a gida. Cewa kake, "Kawo hannunka." Sai ka shafa kan yatsunsa na hagu, in ka ji kanta ta fito, ka ce ya zauna, in ka ji laushi kamar hannun jariri, ka ce, "Malam, ka gaishe da barci." Sau uku ka mayar da ni gida da wannan gaisuwar. Amma kai ne kuma, ranar da muka fara hawa babban dandali, ka matsa baya a daidai wurin da kowa ke jiran ya ji ka, ka ɗaga mini gira na shiga. Mutane suka tafa mini, kai ka fi kowa washe baki. Wanda bai san harkar kiɗa ba ba zai gane girman wannan kyauta ba.

Abin da ya fitar da kai daban shi ne yadda kake riƙe sauti ɗaya. Ka danne tsirkiya, ka girgiza yatsa a kanta a hankali, sai ka ji jitar tana rawar murya kamar mai shirin kuka. Mun kwaikaya har mun gaji, ba wanda ya kamo ka.

Sai ranar da akwatin lasifika ya suɓuce daga kan mota muna sauke kaya, ka tare shi da hannun hagu don kada ya faɗa wa mai gangarmu. An yi aiki sau biyu. Hannun ya warke, amma yatsu biyu na tsakiya ba su ƙara samun ƙarfin danne tsirkiya ba. Wata takwas bayan haka ka kira ni gidanka, ka miƙa mini jitarka a cikin jakarta, ka ce, "Itace ne, in ba a taɓa shi lalacewa yake." Ba ka yi hawaye ba. Ni ne na yi, ka ce in fita maka daga ɗaki kada in jiƙa maka kujera.

To, kowa ya san yadda mu masu jita muke raina kibod. Akwatin danne-danne muke ce masa, kayan masu tsoron kanta, kuma kai ne kan gaba wajen tsokanar. Sai ga shi kana da shekara arba'in da ɗaya ka sayo tsohon kibod, wanda maɓallinsa ɗaya ma ya maƙale, ka ajiye a ƙaramin ɗakin nan na kusa da kicin, ka koma ɗan koyo. Ka kuma koye shi a baibai. Masu kibod da hannun dama suke jan karin waƙa, hagu na rakiya. Kai kuwa hannun da ya saba magana a wuyan jita shi ya ci gaba da magana, dama na biye da shi. Ƙwararru suka yi ta dariya, wani ma ya ce ka sa riga ta baya. Ka ce ai rigarka ce. Cikin shekara huɗu masu dariyar ne ke neman ka a situdiyo.

Na tambaye ka ko kana kewar jita, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amsarka ba ta canzawa: "Kewar me? Igiya shida masu yanka yatsa? Ga maɓalli sittin da ɗaya nan, kowanne na yi mini biyayya." Ka yi dariya, in yi dariya. Na yarda, domin yardar ta fi mini sauƙi. Jitarka tana hannuna, gurbinka a ƙungiya ma ni na gada.

Wahalar koyon nan ce ta haifi zauren. Ka ce abin da ya fi ci maka rai a lokacin shi ne ka kaɗa wa gwani, ya ce maka "ba laifi" ko "da sauranka," ya tashi ya bar ka ba ka san inda laifin yake ba. Shi ya sa da ka buɗe zauren, ku goma sha biyu a farko, ka kafa doka ɗaya tak. Kowa na iya naɗar kiɗansa ya saka. Kowa na iya yabo ko suka. Amma duk wanda zai ce wani abu, sai ya faɗi minti da sakan ɗin da ya ji abin. In bai faɗa ba, kai kuma ba ka zagi, ba ka kora, sai dai ka rubuta a ƙasa: "A minti nawa?" Tun ana jin haushi har aka mayar da shi sunanka. Akwai ɗaruruwa a zauren da ba su san kana da wani suna ban da Minti Nawa ba.

Na tuna wata tela, uwar 'ya'ya uku, da ta saka kiɗanta na farko, ana jin ƙarar keken ɗinki a bayansa. Wani gwani ya rubuta mata cewa ta koma wa allura. Ka tambaye shi minti nawa. Ashe bai ma saurari kiɗan ba. Dole ya koma ya ji, ya dawo ya ce a gaskiya daga minti ɗaya da sakan goma hannunta ya zauna, matsalarta sauri ce kawai. Yau ita ke koya wa sababbin shiga. Irin wannan ka yi shi ya fi a ƙirga. Kowace safiya kana zaune da abin sauraro a kunne da ɗan littafi a cinya, kana jin kiɗan mutanen da ba ka taɓa gani ba, daga farko har ƙarshe, komai muninsa. Mai ɗakinka takan ce shayinka bai taɓa shiga cikinka da zafi ba. In kuma rikicin masu jita da masu kibod ya tashi, kamar yadda yake tashi duk wata, ka ce kai ɗan gida biyu ne, duk wanda aka zaga kai aka zaga, sai kowa ya kama bakinsa.

Shekara goma sha ɗaya kana sauraron na mutane, ba ka cika saka naka ba. Sai a watan jiya ka saka wani ɗan kiɗa na minti huɗu, kibod zalla, ba ganga ba murya. Ina tuƙi na ji shi, kunne ɗaya a waya ɗaya a hanya. Da na tsaya na rubuta, "Maigida, da daɗi, amma akwai inda kiɗan ya mutu, a duba." Ni da na fi kowa daɗewa da kai, ni na karya dokarka. Ka yi mini abin da kake yi wa kowa. Na gani, na ji ɗan zafi, na ce a raina har ni? Na ce gobe zan sake ji in amsa. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako. Wallahi ba aiki ne ya hana ni ba, girman kai ne.

Da na je gidanka gaisuwa, 'yarka ta kai ni ɗakin nan na kusa da kicin. Tsohon kibod ɗin yana nan, ka ƙi rabuwa da shi duk da sababbin da ka samu. Ta ce, "Kawu, Baba ya karanta mini abin da ka rubuta. Ya yi dariya, ya ce, kawunki ya ji wurin, shi kaɗai ya ji, bari mu jira ya faɗi mintin." Sannan ta nuna mini a wayarta: ashe ta ɗauki hotonka na bidiyo ranar da kake naɗar kiɗan, ba ka sani ba.

Na kalla a tsaye. Da ka zo wurin, hannunka na dama ya sauka kan cinyarka. Yatsan hagu ɗaya ya rage a kan maɓalli ɗaya. Ka rufe ido, ka shiga girgiza yatsan nan a hankali, gefe da gefe, yadda kake yi a kan tsirkiya shekara ashirin da suka wuce. Kibod ɗin bai san wannan yaren ba. Sautin ya tafi a miƙe, yana dusashewa, ba rawar murya ba komai. Mu shiru muka ji. Kai kuwa, daga fuskarka, jita kake ji. Sakan takwas ka yi a haka. Na zauna a ƙasa.

Ga amsarka, Maigida, a gaban zauren kamar yadda ka yi tambayar. Minti biyu da sakan arba'in ne, zuwa arba'in da takwas. Kuma na janye maganata: kiɗan bai mutu a wurin ba, ni ne ban saurara ba. Ka yi kewar jita, duk shekarun nan, kuma jitar tana rataye a shagona, ban taɓa kawo maka ita ko ka riƙe ba. Ka yafe mini.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa haƙurin da ya yi da hannunsa da kuma haƙurin da ya yi da mu su zama nauyi a mizaninsa. Ka saurari roƙonmu a kansa kamar yadda bai taɓa yanke wa kowa sauraro a tsakiya ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, da 'ya'yansa huɗu, da 'yan'uwansa, da duk 'yan zaure na kusa da na nesa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Jitar kuma jiya na mayar da ita gida. 'Yarka ta jingine ta a jikin kibod ɗin, ta ɓangaren hagu.