Tambayar Yaya Hajo da Akuyar da Na Ɓoye

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka fitar da Yaya Hajo daga gidan nan, a ƙarshen damina, ana tsakiyar yankan riɗi. Na ƙirga da yatsun hannu suka ƙare, sai da na ari ɗaya a ƙafa. Da farko in na tuna ta kuka nake yi. Yanzu kuwa sai in tsinci kaina ina dariya ni kaɗai a bakin murhu, har 'yan gida su leƙo su ga ko lafiya. Bana dariyar ta fi ta kullum, shi ya sa na ce bari in ba ku labari.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ce babba ni ce auta, kuma Auta take kirana har na yi furfura. Bayan mazanmu sun rasu muka dawo gidan mahaifinmu a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, ɗakinta na kallon nawa. Ni ba mai fita ba ce. A ba ni inuwar rakuba, wato rumfar tsakar gida, da jabana, gahawarmu ta nan, a kan garwashi da wanda zan yi wa surutu, to duniya ta gama yi mini komai. Yaya kuwa ƙafarta ba ta zama. Duk akuya ko tunkiyar da haihuwa ta yi wa gardama a hillarmu, wato unguwarmu, ita ake aiko wa. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma tana da dokokinta: sai ta zura hannuwanta cikin leda ta ɗaure a wuyan hannu kafin ta taɓa dabba, in ta gama ta wanke da sabulu har gwiwar hannu, mahaifar kuma a haƙa rami mai zurfi a binne. Mata suna tsokanarta wai diktorar awaki. Sai ta ce ta karɓi sunan, saura albashi.

Akwai wata damina, shekaru kaɗan kafin rasuwarta, da ruwa ya yi yawan da baƙar lakar garin nan take cire wa mutum takalmi ta riƙe. Lori ya daina zuwa daga Hawata kwana da kwanaki. Sauro kuwa har da rana cizo yake. Ana cikin haka tumaki suka fara ɓari, wannan gida yau, wancan gobe, 'yan raguna suna mutuwa ba su yi kwana biyu da ciwo ba. Yaya tana dawowa daga gidajen mutane ta zauna ta yi tagumi. Abin da ta lura da shi, duk gidan da tunkiya ta yi ɓari, kafin mako ya zagayo sai an kwantar da mutum da zazzaɓi, kuma yawanci wanda ya yi yankan ne ko matar da ta gyara kayan ciki. Kullum tambayarta ɗaya ce: me ya haɗa ciwon tunkiya da ciwon mai tunkiya? Ta tambayi malamai, ta tambayi mahauta, ta tambayi mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa. Kowa ya ce mata damina ce, haka take.

Kun san al'adarmu. Dabba in ta kwanta ba a barinta ta zama mushe, yankawa ake yi a raba wa maƙwabta. Tunkiyar maƙwabcinmu Baba Adamu ta yi ɓari ta kasa tashi, ya sa mata wuƙa. Matarsa Hajja Sakina da kanta ta ɗauko mana rabonmu a faranti, ga tsoka, ga kuma kwanon marara a gefe. Wanda bai san marara ba, ɗanyar hanta ce da huhu da tumbi, a yanka ƙanana, a zuba albasa da barkono da lemon tsami da tunkuzar gyaɗa, a ci tun da ɗuminta. Ni kuwa a duniya ban haɗa marara da komai ba.

Yaya ta tare ta a bakin ƙofa. Ta ce, “Hajja, zumuncinki na karɓa da hannu biyu. Naman ne ba zai shiga gidan nan ba. Ke ma da za ki ji tawa, ki binne shi.”

Mayar wa maƙwabci da nama a wurinmu ya fi mari ciwo. Hajja Sakina ta juya da farantinta, aka yi watanni ko gaisuwa sai ta dole. Hilla ta ɗauka cewa Hajo ta fara girman kai. Bayan kwana biyar Baba Adamu ya kwanta, ya sha jiki sosai, Allah ya tashe shi amma idonsa ɗaya bai ƙara gani garau ba. Ni ma na kwanta, kwana tara ina jin kamar ana daka mini ƙasusuwa a turmi. Yaya tana shafa mini ruwa a goshi tana cewa ikon Allah, ga wadda ko naman ba ta taɓa ba. Na ce ikon Allah kuwa, Yaya.

Ta rasu ba ta sami amsar tambayarta ba. Gadon da ta bar mini bai wuce tabarmar sallarta da garken awaki bakwai ba, dukansu zuriyar wata akuyarta mai farin ɗamara a ciki da take kira Kyalla. Na riƙe su da kyau har shekarar da yaƙi ya koro mutane daga Hartum da Jazira. Gidan nan ya cika da dangi da waɗanda ba dangi ba, kuma baƙo ba ya kwana da yunwa a gidan mahaifinmu. Awaki suka tafi ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura ɗaya tak, jikar jikar waccan, ita ma da farin ɗamararta, ita ma Kyalla. In na ji kukanta da safe sai in ji kamar Yaya ba ta yi nisa ba.

Cikin waɗanda suka sauka mana akwai Nafisa, yarinya mai natsuwa da ta zo daga Madani da mahaifiyarta da jaka ɗaya. Ita ke zaune a ɗakin Yaya har yau. Ashe diktora ce, irin waɗanda ke duba jini a madubin likita, kuma kakarta Bahaushiya ce, don haka Hausarta tana ɗingishi amma tana isa inda za ta. Da abubuwa suka ɗan lafa ta sami aiki da wasu masu bincike da ke bi gida gida bayan damina suna ɗibar jinin dabbobi da na masu su.

Nan fa magana ta cika hilla. Wai duk dabbar da aka sami ciwo a jininta za a jefa ta a mota a je a ƙone. Kyalla kuwa tana da ciki, kuma kwana biyu ba ta cin harawa yadda ta saba. Ranar da aka ce layinmu za su shigo, na ja ta zuwa ɗakina, na ɗaure a ƙafar gado, na zube mata ɓawon kankana da ragowar kisra, wainar dawarmu mai faɗi, don bakinta ya sami aikin yi, na ja ƙofa. Da Nafisa ta shigo da abokan aikinta biyu da akwatin ƙanƙararsu, na ce musu ai sun makara, na aika akuyar can garin Doka wurin wani ɗan uwana tun jiya. Ban rufe baki ba Kyalla ta saki kuka daga cikin ɗaki, irin mai tsawon nan.

Nafisa, wadda ke kirana Hala, wato goggo, ta karkata kai kamar mai saurare, ta ce, “Ma sha Allah, Hala. Muryarta na da ƙarfi, tun daga Doka.”

Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko taku ɗaya bai kai ba. Abokan aikinta suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Ita kuwa ta sallame su zuwa gida na gaba, ta jawo kujera, ta ce tunda akuya ta yi tafiya, ita sai a ba ta jabana. Muna sha na faɗa mata gaskiya, cewa wannan akuya ita kaɗai ta rage mini daga hannun Yaya, in aka ɗauke ta ban san me zan riƙa ji da safe ba. Daga nan labari ya ja labari, kun san bakina, har na kai ga daminar ɓari da ledar hannu da farantin Hajja Sakina da tambayar da Yaya ta tafi da ita.

Sai na ga yarinya ta ajiye finjali. Ta ce tambayar nan ita ce ta fito da su da akwatin ƙanƙara. Ta yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa mai koyon tuƙin tuwo. Akwai wata ƙwayar cuta da suke kira fairus, ta fi ƙarfin ido, ta fi ƙarfin ƙaramin madubi. Sauro ne ke ɗauke da ita, kuma in ruwa ya yi yawa ya kwanta a fadamu sai ya ƙyanƙyashe da yawa ya bi dabbobi. Tunkiya ta yi ɓari, ɗan rago ya mutu. Mutum kuma yakan ɗauka wajen yanka, ko taɓa abin da aka ɓarar, ko shan madarar da ba a tafasa ba, ko cin ɗanye. Ta faɗi sunan ciwon da Larabci, mai tsawo, ni dai na riƙe shi a zazzaɓin ɓarin tumaki. Ta ce abin da masu bincike suke ƙara ganewa yanzu shi ne lafiyar mutum da ta dabbarsa igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma in aka sa ido a kan garke, shi zai fara ba da labari kafin ciwo ya shigo ɗaki. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin jinin Kyalla lafiya yake ba, don ba ta gani ba tukuna. Amma babu mai ɗaukar mini ita, kuma in na ce a'a, a'a ɗin ce.

Na zauna ina kallon ƙofar ɗakin Yaya. Da tana nan me za ta yi? Matar da ta yarda hilla guda ta yi fushi da ita a kan faranti ɗaya, yau ga amsa ta biyo ta har ɗakinta, ta kwana a kan gadonta, ni kuma na kulle akuya ina ba ta ɓawon kankana. Ai da ta ja kunnena, ta kwance akuyar da kanta, ta kuma tsare Nafisa da tambayoyi har jabana ta huce. Na tashi na kwanto Kyalla. Na ce amma a fara da ni, in ji zafin allurar kafin a soka wa baiwar Allah. Na dangwala yatsa a takardarsu, aka ɗibi nawa, aka ɗibi nata a jijiyar wuya, aka maƙala mata 'yar alama rawaya a kunne. Ni na runtse ido, ita ko tauna ba ta fasa ba.

Makonnin jiran nan ban ji daɗinsu ba. Duk motar da ta tsaya a layi sai in leƙa in ga ko Kyalla aka zo ɗauka. Har wata ranar Laraba bayan la'asar Nafisa ta dawo daga aiki, ta tarar da ni da Hajja Sakina muna tsince riɗi a rakuba, don tuni ita da Yaya suka shirya tun kafin rasuwa, yanzu kuma ita ce abokiyar hirata. Nafisa ta ce Kyalla lafiyarta ƙalau, babu komai a jininta, ciki ne kawai ya sa ta yanga, in ta haihu a yi mata rigakafi. Na ɗaga hannu na gode wa Allah. Sai ta ce saura nawa, ko in shiga ɗaki ta faɗa mini. Na ce faɗi a nan, Hajja ba baƙuwa ba ce. Ta ce ba ni da ciwo, amma jinina ya nuna tsohon sawu, alamar fairus ɗin nan ya taɓa shigata jikina ya kore shi. Ba za ta iya cewa wace shekara ba, kuma sauro ma yana iya sa wa mutum.

Hajja Sakina ta fara dariya har riɗi ya zube mata a zane. Ni kuwa na san ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To ga shi yau ina faɗa a jarida: ba sauro ba ne. Ranar da Yaya ta mayar da faranti, tana fita duba wata akuya na zagaya gidan Hajja wai zan ba da haƙuri. Haƙurin da na bayar ke nan, na share rabin kwanon marara. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Shekara da shekaru ina riƙe da wannan a ciki, ina jin nauyin na yi wa Yaya ƙarya tana shafa mini ruwa a goshi.

Hajja ta share hawayen dariya ta ce, “Ke Auta, wa kika ɓoye wa? Hajo ta wuce ta ga takalmanki a ƙofata. Da muka shirya ita ta fara gaya mini. Ta ce kar in tona, zazzaɓin ya ishe ki hukunci.”

Sai a lokacin na gane abin da ya sa tun daga waccan shekara, duk layya Yaya ke riga kowa ɗauke hanta. Ta soya ta har ta yi ƙauri, ta ajiye a gabana, ta ce ci, Auta, na san kina so. Ni ina tsammanin gata ne.

Me ya rage na Yaya Hajo bayan shekara goma sha ɗaya? Ba ta bar gona ba, ba ta bar ɗa ba, sunanta ba ya cikin takardun da Nafisa ke cikewa. Amma tambayarta tana yawo a akwatin ƙanƙara daga nan har Mafaza, a hannun yaran da ba su taɓa ganinta ba. Matan hillarmu da suka yi mata dariya, yau in tunkiya ta yi ɓari ba mai kai wa wani faranti, sai dai a binne a aika a faɗa wa likitan dabbobi, kuma babu mai jin an mare shi. Abin da babba ya hango, mu sai da aka kawo mana madubi.

Kyalla ta haihu makon jiya, tagwaye, duk mata, ɗaya da farin ɗamara. Ni na karɓi haihuwar, hannuwana cikin leda an ɗaure a wuyan hannu, Nafisa na riƙe da sabulu tana ce mini diktorar awaki. Na ce na karɓi sunan, saura albashi.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya sa aljanna ce makoma, ya haɗa mu a can. Rabin kwano ne, kin riga kin sani. Hantar kuma har yau soyawa nake yi.